An Miƙar da Layin da na Zana a Bangon Aji

Yelwa, Bauchi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Binta da yara? Ƙafar taka ta yi sauƙi? Mu nan lafiya lau.

Raina a ɓace nake rubuto maka kan 'yarka Rukayya. Na zana wa ɗalibaina, har da ita, giraf, wato zanen layi na lissafi, a bangon aji, mai nuna cewa idan nisan da ke tsakanin abubuwa biyu ya ninka, ƙarfin janyo juna yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Dole layin ya sauko a lanƙwashe. Ina hutun haihuwa shugaban makaranta ya kira mai fenti, wai karkataccen layi zai ba mu kunya gaban baƙi, a miƙar da shi. Aka sa rula aka miƙar.

Rukayya ta haddace na bangon, ta zana shi a jarrabawa, ta faɗi. Yanzu za a cire ta daga ajin kimiyya. Tana kuka ta ce, "Gwaggo, ba ke kika zana ba?"

Na gaya wa shugaban ba zan shiga ajin ba sai an goge, an sake wa yaran jarrabawa. Ya ba ni kwana uku in janye maganata. Ba zan janye ba.

Ka sa mu a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Asma'u