Kwalbar da Baban Ummi Ya Kawo

Daren Laraba, Kurmin Sarki

Sai yanzu jaririna Sadik ya yi barci, ni kuwa idona biyu.

Yau Baban Ummi ya dawo daga aiki Abuja da wata 'yar kwalba, wai sunan abin furobayotik. Wata abokiyar aikinsa ce ta ce masa ana ɗiga wa jarirai don kada su yi ƙurajen nan masu ƙaiƙayi. Da ya ce wasu ƙwayoyi ne masu rai a ciki, masu gyara hanji, sai Hajiya mahaifiyarsa ta ajiye cokali.

"Yaron da ko wata biyu bai yi ba za ka ɗura wa ƙwayoyi? Man kaɗanya ya ƙare a kasuwa ne?"

Na danne dariya, amma shi ko murmushi. Ya ce, "Hajiya, kin manta yadda Ummi take sosa kumatunta har jini tana jaririya? Wallahi ba zan iya sake ganin haka ba." Ashe duk shekarun nan abin na cin sa a rai, ni ina ganin ni kaɗai na sha wahalar. Sai na ji tausayinsa ya kama ni.

Na kira nas ɗin da ke duba mu. Ta ce ba tabbas, wataƙila ya taimaka, wataƙila a'a, kuma kada mu ba shi komai sai likita ya gan shi.

Kwalbar na nan kan durowa, ba a buɗe ba. Ya ce gobe ba zai je aiki ba, tare za mu tafi asibiti. Hajiya ma ta ce a tashe ta da wuri, ba wanda zai yanke hukunci a kan angonta ba ta wurin.