Babur Mai Ƙafa Uku da Ƙofar Zauren Baba

Zuwa ga yayana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci. Iya tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Ni ma ƙalau nake, ina nan da allurata da hulunana.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Na rubuta ta a fili ne don waɗanda suka san ka su gani su sa ka a addu'a, kuma don akwai labarin da kai ya kamata ka fara ji. Ka yi haƙuri da tsawonta, ka san ni da surutu.

Tun da shan inna ya kama ni ina ɗan shekara uku, ƙafafuna ba su ƙara ɗaukata ba. Kai ka ɗauke ni. A bayanka na je makaranta, a bayanka na fara ganin kasuwar Jibiya ranar Lahadi. Da ka koyi walda da gyaran babur ka sayi naka, sai na tashi daga gadon bayanka na koma bayan babur ɗinka. Ko ka taɓa gajiya ban sani ba, don ba ka taɓa nunawa ba. Ni ne na gaji.

Ka tuna Lahadin da wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya ce in kai masa huluna? Na shirya tun hantsi na zauna a zaure ina jiranka, kai kuwa kana can Magama bakin boda kana liƙe tankin wata babbar mota. Ba ka dawo ba sai bayan la'asar, mutum ya daɗe da tafiya. Na ce maka ni dai na zama buhun gero, sai an sami mai ɗauka nake motsi. Washegari sai ga ka da gawar wani babur da ka samo wajen 'yan gwangwan, ba taya, ba tanki, ka jefar da ita a tsakiyar zaure ka ce ga ƙafafuna nan sun iso.

Na yi dariya har da ƙwalla. Wallahi na ɗauka tsokanata kake yi.

Daga ranar zauren Baba ya zama gareji. Abokinka Mamman, direban nan ɗan Maraɗi, shi ya dinga kawo maka kaya daga ƙetare, guda-guda. Tayoyin baya daga can suka zo. Ya ce a duk shingen da ya tsaya sai an tambaye shi me zai yi da taya biyu iri ɗaya, shi kuma ya ce na wata moto ce, babur ke nan a bakinsu, mai ƙafa uku da ba a haifa ba tukuna. Da boda ta rufe, tankinmu ya maƙale a garin Ɗan Isa can ƙetare wata da watanni. Kullum na tambaya sai ka ce tanki ba ya ruɓewa, in kwantar da hankalina.

Ba ka taɓa yarda da tef ɗin awo ba. Turmin Iya ka kife ka ɗora ni a kai, ka ɗauko tsohuwar igiyar guga kana gwada ni kana ƙulli. Daga kafaɗa zuwa tafin hannu, ƙulli ɗaya. Daga ƙugu zuwa gwiwa, wani ƙullin. Ƙafar hagu da ta fi gajarta ka yi mata nata daban. Iya tana daga ciki tana faɗa a mayar mata da turminta, gero na jiran daka, kai kana ce mata tela yana awo.

Da igiyar nan ka ƙera komai. Ka mayar da giya hannun hagu, birki duka biyu a hannu. Ƙarfen da ake takawa a tayar da inji ka cire shi, ka sa dogo wanda zan ja kamar mai jan ruwa. Ka yi mini majingina, ka yi akwatin ƙarfe a baya don huluna. In an kawo wuta ka yi walda, in an ɗauke ka zauna kana goge ƙarfe muna hira. Sau nawa ka hana ni kallon tartsatsin walda? Ban ji ba, sai da na kwana biyu idona na zuba kamar an watsa mini barkono, ka yi ta yi mini dariyar mugunta.

Jan fenti na ce ina so. Kore ka shafa masa, don shi ne fentin da ya rage daga ƙofar wani alhaji da ka yi. Har yau ban huce ba, ka sani.

Abu ɗaya ne ba ka yarda a yi wasa da shi ba, faɗin baya. Ka ɗora buhun gero biyu a kan kujera, ka sa kafaɗa kana tunkuɗawa ta gefe, in taya ta ɗaga ka sake yankewa ka ƙara tsawon ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. Sau uku ka yi haka. Ka ce mini: "Mai ƙafa in babur ya karkata sai ya kafa ƙafarsa. Kai ba ka da abin kafawa, Isuhu." Na ce to, injiniya.

Wata Alhamis bayan la'asar aka gama. Maƙwabta sun cika ƙofar gida, Mamman ya ajiye motarsa ya zo. Ka ɗora ni, na ja ƙarfe sau biyu inji ya kama. Yaya, ban taɓa jin ƙara mai daɗi irin wannan ba. Na sa giya, na saki a hankali, tayar gaba ta leƙa waje. Sai ji na yi gum, na tsaya cak.

Ka auna hannuna, ka auna bayana, ka auna har ƙafar da ba ta aiki. Ƙofar zaure ce kawai ba ka auna ba. Kayan duk guda-guda suka shigo, ba wanda ya tuna a haɗe za su fita. Yatsu huɗu ta dama, yatsu huɗu ta hagu, iyakar abin da ya hana ke nan.

Mamman ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Kai kuwa ka tsaya da igiyarka a hannu kana kallon ƙofa kamar yau ka fara ganinta. Aka cire tayoyin baya, ƙarfen da ka liƙe da akwati ya ƙi wucewa. Aka karkata shi, ya tokare azarar sama. Har aka kira magariba ana fama, zufa kawai aka samu.

Kowa ya ce abu mai sauƙi, a fasa gefen ƙofa. Sai ga Iya da mayafinta ta tsaya a bakin ƙofar ciki. Waɗanda ba su san gidanmu ba sai in gaya musu: Babanmu magini ne, kuma zauren nan shi ne gininsa na ƙarshe. Zanen da ke kewaye da ƙofar da yatsunsa ya yi shi tun laka na ɗanya, har yanzu ana ganin sawunsu. Iya ba ta fita unguwa ba ta dafa wurin ba. Ta ce: "In na mutu ku rushe. Ina raye ba mai taɓa mini shi." Ta juya ciki, taro ya watse.

Wata hanyar babu. Gefe ɗaya katangar maƙwabci ce, ɗaya gefen ɗakin Iya.

Na ce to a yanke ƙarfe, a rage yatsu takwas ɗin. Ka ce a'a. Na roƙe ka, na yi fushi, na ƙi cin tuwo, ka ce ko zan shekara ban ci ba, ba ka ragewa, za ka lallashi tsohuwa a hankali. A nan ne na faɗi maganar da har yau take ci mini rai. Na ce da ma ba ka so in je ko'ina ba tare da kai ba, ka fi son ka dinga dawowa ka same ni zaune ina jira. Ka daɗe kana goge hannu da tsumma. Ka ce, "To, Isuhu," ka tafi masallaci.

Washegari muka ci abinci a kwano ɗaya kamar ba a yi ba. Ka ci gaba da goya ni kasuwa. Na yi ta cewa zan ba ka haƙuri ranar da babur ya fita, don a haɗa murna biyu. Ka ga wautar ƙaninka.

Damina na sauka ka fara cewa jikinka ba ƙarfi. Idonka ya yi rawaya. Aka je asibiti a Katsina aka dawo, aka sake komawa. Ko wata ɗaya ba a rufa ba.

A ƙofar gida aka yi maka salla, na yi tawa a zaune. Da aka ɗaga makara jama'a suka bi, sai na ga saura ni kaɗai. Ban ga laifin kowa ba, hankalin mutane ya tashi. Mutumin da zai waiwayo ya ce ina Isuhu, shi ne aka ɗauka a kafaɗa. Na ja jiki na koma zaure, na jingina da tayar babur ina jin takun mutane yana nisa.

Bayan kwana uku Mamman ya ce in zo ya kai ni maƙabarta. Na ce a'a. Ka san taurin kaina. Na ce wurinka dai ba mai ɗaukata ya kai ni, ko in je da kaina ko in haƙura. Ya yi magiya har ya gaji. Shekara biyu ke nan, Yaya, ban je ba.

Duk Juma'a da safe nakan hau in tayar da inji don kada ya ci tsatsa. In bar shi yana ƙara, hayaƙi ya cika zaure, ina riƙe da kan babur ina kallon titi ta ƙofa, sannan in kashe in sauka. Iya tana ji daga ciki. Ba ta taɓa cewa komai ba, ni ma ban ƙara yi mata zancen ƙofa ba. Na riga na ɓata wa mutum ɗaya rai a kansa, ya isa.

Juma'ar da ta wuce na kashe inji ke nan sai na gan ta tsaye a bayana, riƙe da tsohuwar digar Baba da ke ƙarƙashin gadonta. Da ƙyar take ɗaga ta. Ta wuce ni ta je bakin ƙofa, ta ɗora tafin hannunta a kan zanen ta daɗe. Ta ce: "Ɗaya ya tafi bai ga fitarka ba. Ba zan zama ta biyu ba." Ta yi bisimilla ta sara.

Saranta ɗan ɓantare kawai ya yi. Maƙwabta suka ji suka fito, suka karɓi digar suka ƙarasa. Guntun da ke da sawun yatsun Baba ta tsince shi ta naɗe a gefen zanenta, ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Na so in bi ta, ta ce daga ciki in tafi kafin rana ta yi zafi.

Na fita, Yaya. Inji ya mutu mini a kwanar farko, na ja ƙarfe ya tashi. Masu shayi suka miƙe tsaye suna ɗaga mini hannu. Na wuce bakin kasuwa ban tsaya ba. Iska na dukan fuskata, kuma karon farko a rayuwata babu ƙeyar kowa a gabana. Na yi kewar ƙeyarka, wallahi, da tsohuwar hular nan taka mai baƙin mai.

A hanyar maƙabarta akwai inda ruwa ya zaizaye. Ban gani ba sai da tayar hagu ta faɗa. Babur ya karkata har na hango ƙasan ramin, na rufe ido, sai ya dawo ya zauna daram a kan ƙafafunsa. Na tsaya gefe na yi ta haki. Da ka saurare ni ka rage ƙarfen nan, da a cikin ramin za a tsince ni.

Na isa. Sai dai ka san kaburburanmu, ba suna, ba alama, damina biyu ta bi ta kansu ta daidaita, an kuma ƙara layuka. Na tambayi dattijon da ke kula da wurin, ya yi tunani ya nuna mini da sanda, ya ce daga bishiyar can zuwa nan, cikinsu dai kake. Na sauka, na sa silifa a hannu na ja jiki har bakin layin. Na yi wa kowa sallama. Ban san wanda zan fuskanta ba, don haka na ɗaga murya yadda duk inda kake za ta kai. Na ce na zo, kuma ba wanda ya kawo ni. Na ce maganar da na faɗa maka ƙarya ce, na san ƙarya ce tun tana bakina.

In ba ta iso ka a can ba, ga shi na sake faɗa a gaban jama'a. Ka yafe mini, Yaya.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka ɗauke ni shekara da shekaru ba ka taɓa sauke ni da fushi ba, Allah ya ɗauke maka nauyin ranar hisabi. Ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Iya lafiya da haƙuri, ya haɗa mu duka a Aljanna, inda zan taka da ƙafata in zo in gaishe ka. Amin.

Ƙaninka mai taurin kai,
Isuhu mai hula, Jibiya