Zaren Amare a Madubin Balaraba

Zuwa ga kakana abin ƙaunata, Alhaji Mamman na Safana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ka koya mana, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mutanen gida duk lafiya. Iya, matarka, tana nan, ƙafar ce dai ke taɓa ta in hadari ya haɗo. Gyaɗar bana ta yi kyau, gero ma sai godiya.

Na san ba a aika wa mamaci takarda. Amma labarin nan ya cika mini ƙirji, kuma ka san halina, da mutane sun wuce uku sai bakina ya mutu. Da biro kaɗai nake iya magana. Shi ya sa na rubuto maka a wannan littafin nawa, na bayana su leƙa in sun so. Labarin Balaraba ne!

Ka tuna yadda kake ba ni tarihinta? Farar motarka ta Jamus, doguwa, mai kujerun fata, wadda ta iso gidan nan ranar wata Laraba, ka raɗa mata suna tun kafin injinta ya huce. Ita ce ta uku da ka saya daga kamfani ɗaya tun kana fataucin gyaɗa. In aka ce ka gwada wani kamfanin sai ka ce, "Waɗannan ba su taɓa kunyata ni gaban surukai ba, don me zan bar su?"

Ka tuna zaren? Babu amaryar da aka kai ɗakinta daga Safana zuwa Darini, daga Darini zuwa Babban Duhu, da ba a zo roƙon Balaraba ba. Ba ka karɓar komai. Sharaɗinka ɗaya ne: kafin amarya ta sauka, ta zare zare guda daga mayafinta ta ɗaura a madubin ciki. Da na yi wayo zaren ya taru kamar gemun masara, ja da kore da ruwan goro. Kana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, kana faɗin mai shi. Kuma kullum kana ƙarewa da tsokanata: "Ke ce amaryar ƙarshe, sarkin kunya. Na bar miki wuri a gefen dama."

Ka tuna lokacin da kamfanin ya gayyace ka Kano kallon sababbin motocinsu? Ka dawo kana huci, ko hula ba ka cire ba ka fara. "Sun cire makulli, sun sa ɗan maɓalli kamar na rediyo! Gaban motar kuma duk talabijin ne. Na ce wa yaron, ni tuƙi na zo yi ko kallo?" Ka ce sun ɗaga ta sama kamar raƙumi. Daga baya, da ka sha fura ka huce, ka yarda cewa raƙumin zai yi daɗin hanyar Babban Duhu da damina. Amma da suka ce ka ba su Balaraba su ba ka sabuwa, ka ce musu, "Ku je ku tambayi matan Safana tukuna."

To, Kaka, damina biyu ke nan da tafiyarka, kuma Balaraba ba ta sake motsi ba. Tayoyinta sun kwanta. Wata baƙar kaza ta mayar da wurin sa ƙafa na gaba ɗakin ƙwai. Ni kuma, ka yafe mini, kujerar baya ce maɓoyata. Can nake shiga da littattafan soyayyata bayan Islamiyya, ina shaƙar sauran ƙamshin turarenka, ina ganin kaina cikin lulluɓi.

Sai bayan girbi Baffa Sale, babban ɗanka, ya ce ya yi magana da 'yan gwangwan na Batsari. Washegarin kasuwar ƙarshen wata za su zo su yayyanka ta su kwashe. Yana son rumfar da take ciki ya yi shagon taki. Ban ga laifinsa ba. Ya kai ta wurin makanike uku, kowa ya ce kayanta sun ɓace a kasuwa.

Ana haka sai ga katinka. Ka san katin gaisuwar da kamfanin ke aiko maka duk shekara, da sunanka da ruwan zinare? Ba su san ka rasu ba, suna ta aikowa. A ƙasan na bana an ƙara wasu layuka: wai sun buɗe sashe na tsofaffin motoci, suna sake ƙera kayansu, kuma duk wanda ya riƙe tasa shekara da shekaru ya rubuto musu labarinta.

Na rubuta, Kaka. Ni! Sai dai ga abin kunyar. Ban taɓa ganin yadda ake rubuta wa kamfani takarda ba. Wasiƙun da na sani su ne na cikin littattafaina. Don haka na fara da, "Ya ku ma'abota kyawun ƙira, waɗanda zuciyar kakana ta kasa musanyawa har numfashinsa na ƙarshe." Na ce musu Balaraba tana cikin ƙuncin rabuwa. Na ce raɓar da ke kwana a gilashinta hawaye ne. Shafi huɗu! Rabinsu duk a kan zaren amare. Anti Rabi, matar Baffa, ita ta ɗauki hoton takardar da na madubin ta tura da wayarta, tana dariya har da riƙe ciki.

Bayan kwana shida suka amsa. Suka ce irin wannan motar suna da su a Kano, amma mai zaren amare ba su taɓa ji ba, kuma shi suke son gani da idonsu. In ya yi musu, za su ɗauke ta su gyara, su ajiye ta a zauren baje kolinsu na 'yan watanni, sannan su dawo mana da ita tana tafiya. Ranar da suka sa kuwa ita ce ranar 'yan gwangwan.

Sai da na yi sallama sau uku a ƙofar Baffa kafin na iya faɗa. Ya kalle ni ya ce, "Ke da ba kya iya gaida baƙo, ke kika kira mana Jamusawa?" Na ce 'yan Kano ne. Ya ce to, su zo da safe. In sun ɗauka, shi ke nan. In ba su ɗauka ba, bayan la'asar masu yanka na nan tafe, shi ba ya saɓa magana.

Nan ne fa aka yi ta'asa, kuma da kyakkyawar niyya aka yi ta. Ka san Iya da baƙi. Ana gobe za su zo, ina makaranta, ta sa aka share rumfa, aka kori kaza, aka wanke Balaraba da soso da sabulu har tana ƙyalli. Sannan ta sa reza ta yanke zaren kaf, ta jefa a murhu. Da na dawo na ga madubin tsirara, sai na fashe da kuka. Iya ta ce, "Manyan mutane za su zo daga birni su tarar da tsumma a rataye? A ce gidan Alhaji Mamman ƙazamai ne?" Da na yi mata bayani cikin kuka, sai ta zauna a bakin turmi tana kallon murhun.

Sai Anti Rabi ta miƙe. Mayafinta kawai ta ɗauka ta fita. Ashe gidan niƙa ta nufa, daga nan bakin famfo, daga nan wani gidan suna, waya a kunne tana kiran 'yan uwanta na Darini.

Kaka, da ka ga ƙofar gidanka da hantsi! Mata a kan babur, mata a bayan akori-kura daga Babban Duhu, wasu da goyo, wasu da jikoki. Amaren da ka kai ɗakunansu ne. Da yawa sun tono ainihin mayafin aurensu daga ƙasan akwati, yana warin ajiya. Suka yi layi, kowa ta shiga kujerar baya ta zauna tukuna, sannan ta miƙa hannu ta ɗaura. Wata mai ƙiba ta maƙale a ƙofa, ƙawarta ta ce, "Ranar ai da tsalle kika shiga, kina kukan ƙarya!" Ita kuma ta ce, "Ke fa da kika yi amai tun kafin a bar gari?" Wata dattijuwa ta ce har yau tana tuna lallashinka: "Yi kukanki a hankali, ɗiyata, kujerar fata ce, hawaye na ɓata ta." Aka fashe da dariya, wasu na share ido.

Muna cikin haka baƙin suka iso, ba wanda ya ji zuwansu. Motarsu ba ta da ƙara ko kaɗan, kajin ma ba su tashi daga hanya ba. Irin raƙumin nan ne da ka zaga. Wata mace ce ta fito, Injiniya Maryam, da makanikenta. Baffa ya zagaya motar sau biyu. Ta ce masa rabi fetur take sha, rabi batir. Ya ce gara da suka bar fetur ɗin, don wutar garin nan sai ta ga dama take leƙowa. Sai ta nuna masa wani abu da na so a ce kana nan: sun mayar da abin murɗawa na iska da na rediyo, sun rage talabijin ɗin. Ta ce, "Tsofaffin abokan cinikinmu ne suka hana mu sakat da ƙorafi, har muka ji." Ka gani? Masifarka ta isa inda ka aike ta! Ta ce kuma sun lura, matashin da ke sayen sabuwa yau, yawanci ta kakansa ya gani yana yaro, shi ya sa suka daina gudun tsofaffin motocin.

Sannan ta juyo ta ce, "Ina mai wasiƙar nan ta ma'abota kyawun ƙira? Sau biyu aka karanta ta a ofis." Wayyo Kaka! Na shige bayan Iya, na so ƙasa ta buɗe. Matan nan suka jawo ni da ƙarfi. Daga ɓoye na faɗa mata gaskiya, cewa zaren da ta gani a hoto ya ƙone, wannan na yau ne. Muryata kamar ta sauro. Ta leƙa madubin, ta dubi layin matan da bai ƙare ba, ta ce, "A hoto zare na gani. Yau ga masu shi." Ta ce wa makanikenta ya kira babbar motar ɗauka.

'Yan gwangwan kuma ba su jira la'asar ba, ana kiran azahar suka iso da kayan yankansu. Zuciyata ta tsinke, don ka san Baffa da riƙon magana, kuma su ya fara yi wa alkawari. Daidai lokacin Anti Rabi ce a kujerar baya, tana ɗaura koren zare. Baffa ya tsaya yana kallonta ta gilashi, ya daɗe. Ashe ranar aurensu a kan babur ya bi bayan Balaraba tun daga Darini, yana haɗiyar ƙurarta. Ya juya ya ba mutanen haƙuri, ya sa aka dama musu fura. Don kada su koma hannu wofi, ya ba su mataccen injin niƙan nan na bayan gida. Shagon taki kuma wai zai yi shi a zaure.

Iya ce ta ƙarshe. Ba wanda ya zaci za ta tashi. Ta ja ƙafarta ta shiga, ta gyara zama kamar wadda za a kai wani gari, ta zare zare daga farin mayafinta. "Ni a kan jaki aka kawo ni gidan nan," in ji ta, "yau na rama." Na riƙe mata madubin ta ɗaura.

Injiniya ta ce ni ma in ɗaura nawa kafin a ɗora motar. Na girgiza kai. Sharaɗinka ai sai amarya, ni kuwa ko sakandare ban gama ba, kuma mutumin da nake gani in na rufe ido har yanzu a littafi kawai yake. Abin da na roƙe ta ɗaya ne, kuma wallahi da bakina na faɗa gaban kowa: kada a taɓa zaren, kada kuma a cike gefen dama.

Da yamma aka tafi da ita, mata na guɗa kamar yau aka fara kai ta ɗaki. Rumfar ta yi fili, kazar na ta zagaye tana neman gidanta. Ni ma ban san inda zan yi karatu ba kafin ta dawo. Amma za ta dawo, Kaka, da ƙafafunta.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya kai haske kabarinka. Yadda ka kai 'ya'yan mutane ɗakunansu cikin mutunci ba ka nemi komai ba, Allah ya kai ka gidan Aljanna cikin mutuncin da ya fi haka. Ya ƙara wa Iya lafiya, ya buɗa wa Baffa a shagonsa. Ya kuma nuna mana ranar da zan cike wurin da ka bar mini. Amin.

Jikarka mai kewarka,
Nafisa, sarkin kunya