Tayar da Ta Rage a Durowa

Irbid, Litinin

Zuwa ga Ummu Nizar,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Lamis da jaririnta. Yaya gwiwar taki? Allah Ya ƙara mana haƙuri.

Akwai abin da ya wajaba in sanar da ke. Bayan sadakar arba'in da tafiyarki Amman, na kai keken guragun da Nizar ke wasan ƙwallon kwando da shi ƙungiyar da ke tara wa matasa masu naƙasa kayan wasa. Na yi yadda mahaifina ya koya mana sadaka: na kankare sunan marigayin daga jikin ƙarfen, na miƙa wa maigadi, ban faɗi ko ni wane ne ba.

Jiya, a durowar Nizar, hannuna ya taɓa wata ƙaramar taya. Ita ce ta bayan kujera, wadda ke tare keken idan ɗan wasa ya jingina baya zai yi jifa. Bara ya matsa mini: "Baba, cire mini jelar nan, ja na take yi." Na cire, domin shi ya laƙanci kekensa. Wanda aka ba shi yanzu bai san komai ba.

Shekara ashirin da bakwai ina koyar da injiniyanci. Na lissafa karkatar da za ta kai ƙeyar yaro ƙasa. Sau uku na maimaita, amsar ba ta sauya ba.

Ki taya ni da addu'a.

Mijinki,
Gassan

Irbid, Alhamis

Ummu Nizar,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku duka.

Ban sami keken ba tukuna. Sakataren ƙungiyar ya ce kekuna ashirin da uku suka raba wa kulob huɗu, kuma wanda ya zo babu suna ya tafi babu suna. "Dakta, kai ka ɓoye, mu kuma mu tono? Wane launi ne?" Na ce ja. Ya ce, "Madalla, rabinsu jajaye ne."

Na je Ajlun, na je Jarash, na je Mafrak. A ko'ina durƙusawa nake yi a bayan kowane keke, yara na dariya. Saura Ramsa. Na tarar da zauren a kulle. An ce 'yan wasan sun tafi gidajensu da kekunan sai wasan ranar Asabar, mai horar da su kuma ba ya ɗaukar waya.

A zaman makoki mutane sun yaba natsuwata. Yau na kasa riƙe finjalin gahawa. Ɗanmu ciwo ne ya ɗauke shi, babu hannun kowa. Wannan kuwa, idan ya faru, da sifanata aka yi shi.

Naki,
Gassan

Irbid, Lahadi

Ummu Nizar,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ki gafarci munin rubutun. Hannuna na dama yana ɗaure. Targaɗe ne da ɗan tsagewar ƙashi, kada ki tayar da hankalinki.

Na isa Ramsa ana motsa jiki kafin wasa. Daga ƙofa na gane keken. Wata yarinya ce a kai, Rahaf, 'yar shekara goma sha biyar, wadda ta rasa ƙafafunta biyu a haɗarin mota, don haka babu nauyin da zai danne gaban keken. Ta ɗaga ƙwallo, ta jingina baya, na ga gaban ya bar ƙasa. Ban san na yi ihu ba, ban san na yi gudu ba. Abin da na sani, ƙeyarta a kan tafina ta sauka, tafina kuma a kan siminti.

Tana kwance ta dube ni ta ce, "Baffa, da kwat da lakataye ake shiga fili? Ka ɓata mini jifa!"

Na yi bayani a gaban kowa. Kaftin Muwaffak, mai horar da su, tsohon soja ne da ke aikin don Allah. Bai taɓa sanin akwai taya a wurin ba. Na ciro tayar daga aljihuna, shi ya ɗaura ta, ina gaya masa yadda zai yi. Rahaf ta zagaya fili sau ɗaya, ta dawo tana ƙorafin an rage mata gudu.

Sai mahaifinta, wani mai gidan burodi, ya riƙe bayan keken, ya ce gida za su tafi, ta gama wasa ke nan. Ya juyo gare ni: "Dakta, don girman Allah, da 'yarka ce, za ka bar ta?"

Na so in ce ya tafi da ita, domin tsoron da ke jikinsa shi ne a jikina. Amma ba zan yi masa ƙarya ba. Na ce, "Na bar nawa shekara shida. Ban taɓa kallon wasansa hankalina a kwance ba. Yau ba ya nan, kuma shekarun nan shida su ne ba na nadamarsu."

Sannan ya saki keken.

Mun zauna benci ɗaya ni da shi. Duk jifan da ta yi, tare muke runtse ido.

Ki gaida Lamis, ki sumbaci jaririn a madadina.

Mijinki,
Abu Nizar