Ciyawar da Ka Aiko wa Ɓerayenka

Zuwa ga ƙanena Isiyaku, akawu a Kaduna.

"Inna, kafin sanyi ya sauko zan dawo in sake miki ciyawar katifa da hannuna." Haka ka faɗa a tashar jirgin ƙasa, hularka a hannu, ƙafarka ɗaya a kan matakala. Ni na ji, Inna ta ji, har mai tallar lemo ya ji. Sanyi ya sauko, Isiyaku. Ya sauko ya yi shimfiɗa ya miƙe ƙafa. Kai ne ba mu gani ba.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da teburinka da alƙalaminka. Na biyo da wannan wasiƙa ta jarida ne domin waɗanda na aika maka gida ba su sami amsa ba. Jarida kuwa na san ba ta wuce ka, ko don a gan ka riƙe da ita a bakin ofis.

Tunda a saƙonka na ƙarshe lafiyar ɓerayenka ka tambaya, ba lafiyar uwarka ba, bari in fara da waɗanda ka fi so.

Ka tuna ranar da ka kawo su? Matar Baturen kuza da kake wa aiki a Rayfield za ta koma ƙasarsu, ta rasa wanda za ta jibga wa ɓerayen Masar ɗinta, sai ga ka. Ka ɗauro kwalinsu a bayan keke, ka shigo Kabong kana buga ƙararrawa kamar an naɗa ka sarauta. Ka sa wa namijin suna Manaja, macen kuwa Madam. Ka ce mana waɗannan ba ɓerayen rumbu ba ne, dabbobin mutanen da suka waye ne. Inna ta leƙa kwalin ta ce, "Ɓera ba wutsiya, Allah mai iko." Ka haɗa musu akurki da katako a gindin gwaiba. Ka yi musu hidima har zuwa ranar da takardar Kaduna ta zo. Daga nan suka zama nawa, kamar yadda duk abin da ka gaji da shi yake zama nawa.

Ban so su ba da fari. Ina da ajin matan da nake koya wa karatu, ga Inna, ga gida. Amma ni ba na riƙe rai da wasa. Ɗan littafin Turanci da matar nan ta sa a kwalin, wanda ba ka taɓa buɗewa ba, na karanta shi daga bango zuwa bango. Abin da babu a ciki kuma, su da kansu suka koya mini.

Ga karatun, tunda kana son ilmi.

Haƙoran ɓeran Masar ba sa daina tsiro. In bai sami busasshiyar ciyawa yana gurza kullum ba, haƙoran za su yi tsawo su hana shi ci, ya mutu da yunwa abinci na gabansa. Saboda haka ingirici shi ne ransa. Ganyen kabeji da karas da ɗanyar ciyawa dole ne, in babu su gaɓoɓinsa su yi tsami, amma ingirici ne tuwon. Mai kyau kuwa ana yankan sa ne bayan ruwa ya ɗauke, kafin ciyawa ta tsufa. A shanya, a riƙa juyawa, har ta bushe ƙayau amma korenta bai gudu ba. In ka sansana ka ji ƙanshi. In ka lanƙwasa ta karye. In ka cusa hannu tsakiyar dami ka ji bushewa, ba ɗumi ba, ba laima ba. In ka kakkaɓe a hasken rana ka ga iska fes. Ni nake hawa duwatsun bayan unguwa da lauje ina yanko musu, ni da ciwon gwiwata. Sun yi ƙiba, sun hayayyafa. Da sun ji ƙarar takalmina sai su ɗauki fito gaba ɗaya, har maƙwabta suna cewa na buɗe makarantar ɓeraye.

Sai ga kyautarka.

Wani Bayarabe mai mota ya sauke ta a ƙofar gida. Dami ne murabba'i, an matse shi da inji, an ɗaure da waya. Ya ce mini, "Oga ya ce daga bargar dawakin Turawa ne, na ɓera ne, kada a ba akuya." Na tambaye shi ko akwai wani saƙo. Ya ce babu. Na sake tambaya, ko don uwarka. Ya sosa ƙeya ya ce oga ya ce a gai da Manaja.

A gai da Manaja.

Na san abin da ya ruɗe ka. Ka ga waya, ka ga kusurwa huɗu, ka ji an ce dokin Bature ne ke ci, sai ka ɗauka ya fi abin da yayarka ke yankowa da lauje. Ba ka tambayi dalilin da ya sa masu barga suka ba ka shi kyauta ba. Kyan ɗan maciji ne da shi. Waje fes, ciki kuwa an matse shi da sauran ruwan damina a jikinsa. Dokin Bature ya ƙi shi, Isiyaku. Doki ya fi ka hanci. Ku ne kuke ta shirin karɓar mulkin ƙasa, amma ba ka iya cusa hannu a dami ka ji ko ya ruɓe ba.

Na ja shi tsakar gida na tafi aji, da nufin in na dawo in kwance in duba. Ko da na dawo, na tarar Inna ta farke katifarta. Ta zubar da tsohuwar ciyawa, ta roƙi maƙwabciyarmu Ngo Kaneng ta kama mata, sun cusa taka, sun ɗinke. Tana zaune a kai tana shafawa. Fuskar nan da rabon in ga ta yi haske tun ranar tashar jirgi. Ta ce mini, "Kin gani? Ashe bai manta ba."

Ka san al'adar gidanmu. Tun Baba yana haƙar kuza, duk shekara in ruwa ya ɗauke shi ke yanko ciyawar katifar Inna, komai gajiyar da ya kwaso daga rami. Da ya rasu kai ka gaje shi. Ko ni na yanko ba ta karɓa, ta ce aikin namijin gida ne. To ta ga ciyawa a tsakar gida, daga wurinka, a lokacin da ka yi alkawari. Me kake so ta ɗauka?

Ragowar kuwa ta riƙa ba ɓerayen da hannunta, wai su ma su ɗanɗana arzikin ubangidansu. Na buɗe tsakiyarta na ga fumfuna fari-fari, ga wari kamar na tsohon rumbu, in ka taɓa sai wani gari ya tashi. Ina kwashewa daga akurki, ina juya baya tana mayarwa.

Yanzu karatu na biyu, wanda ya fi na farko tsada.

Ɓeran Masar ba ya nuna ciwo. Dabba ce da shaho ke so, muzuru ke so, ta san ranar da aka ga rauninta ranar za a ɗauke ta. Saboda haka tana ɓoyewa har sai abin ya ci ƙarfinta. Sai ka zama mai lura. Abu na farko, fito ya ɗauke. Ka zo da ganye, sauran su ruga, ɗaya ya zauna a lungu gashinsa a tashe. Sai kwantsa a ido, sai danshi a hanci. In ka kai shi kunne ka ji numfashi yana ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Kashinsa ya ƙanƙance, ko ya ɗauke. In ka ɗaga shi ka ji ba nauyi, gashi ne kawai ke rufe ƙashi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, zai je bakin abinci ya ɗauki ganye yana motsa baki don a ce yana ci, alhali ba ya haɗiyewa.

Ƙananan ne suka fara mutuwa. Madam ta bi su. Na raba masu ciwo da masu lafiya, na wanke akurki da ruwan zafi da toka, na shanya, na ƙone sauran ciyawarka a bayan gida Inna tana barci. Manaja na riƙa ɗura masa ruwa da kunun dusa da ƙaramin cokali, ina ɗumama shi a cikin zanena. Ya mutu a tafin hannuna. Na isar masa da gaisuwarka kafin nan, kada ka damu.

Yanzu ka saurara da kyau. Inna ta daina waƙa in tana tsince shinkafa. Tana zama a lungun ɗaki ta ƙudundune cikin mayafi. Da safe idonta da kwantsa. In na sa kunne a bayanta ina jin busasshen ganyen nan. Na kama ta zan tayar da ita, na ji kamar na ɗauki kwando. In na kawo tuwo sai ta gutsura, ta juya shi a miya, ta kai baki tana motsawa har in fita. In na dawo ta ce, "Na ƙoshi, Allah ya yi albarka." Ga tari, shi ma cikin mayafi take cusa shi don kada in ji.

Na kai ta asibiti. Likita ya saurari ƙirjinta, ya tambayi a kan me take kwana. Da na faɗa masa ya ce magani ba zai yi komai ba muddin tana shaƙar wannan abu kowane dare. Na dawo na kama kusurwar katifar zan ja. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga buta ta kwanta a kai ta riƙe da hannu biyu. Ta ce, "In kin taɓa abin da ɗana ya aiko mini, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Ka ji inda ka ajiye ni. In na bar ta, ciyawarka ta kashe ta. In na cire, in ɗauki bakin uwa in shiga kabari da shi. Kai kuwa da ko katifar ba ka tuna ba, kai ne ɗan albarka. Kullum bayan salla sunanka take fara kira.

Ba tun can kake haka ba, shi ya sa abin ke ci na. Ni na goya ka lokacin da Inna ke kai wa 'yan kuza abinci. Na san ɗumin kanka a tsakanin kafaɗuna. Na tuna shekarar da ka fara yanko mata ciyawa, lauje ya yanke ka a yatsa, ka ɓoye hannun a aljihu don kada ta hana ka gamawa. Ka cika katifar nan har ta yi tudu, Inna ta hau tana dariya tana cewa ka mai da ita sarauniya. Wannan yaron nake nema. In yana nan a cikin rigar akawun, ka turo mini shi.

Abin da nake so ba shi da yawa. Ba aike ba, ba takarda ba, ba wani dami mai waya ba. Ka hau jirgi ka zo. Na riga na yanko ciyawa mai kyau, tana rataye a rumfa, ta bushe ƙayau. Ka ɗauke ta a ka, ka shigo da sallama kamar kai ka yanko, ba zan tona ba. Ka ce, Inna, tashi in sake miki, waccan ba ta dace da ke ba. Daga bakinka za ta tashi tana murna. Aikin yini ɗaya ne, ka koma wurin teburinka.

Ku kuma 'yan unguwarmu masu karatu, da matan ajina da na koya wa haɗa baƙi da hannuna, na san kuna karantawa. Kowa ya riƙe bakinsa a gaban Inna.

Na ba ka zuwa Juma'ar ƙarshen wannan wata, Isiyaku. In aka sauko daga masallaci ban ga ƙeyarka ba, zan ɗauki Inna cak in zaunar da ita a tabarma a tsakar gida. Zan jawo katifar in farke ta a gabanta, in nuna mata fumfunar, in kyasta ashana. Za ta yi mini baki, na sani, na kuma shirya. Amma ba ni kaɗai zan ɗauka ba. Kafin wutar ta mutu zan durƙusa in faɗa mata abin da mai mota ya faɗa, kalma da kalma: na ɓera ne, kuma a gai da Manaja. Za ta rayu, in Allah ya yarda. Sai dai za ta rayu tana sane da matsayinta a wurinka, kai kuma ka rayu kana sane da cewa ta sani.

Allah ya ba Inna lafiya, ya sassauta mata numfashi, ya yafe mini abin da zan yi mata in ka tilasta ni. Kai kuma Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka tarar da ita tana iya ɗaga kai ta gane ka. In kuma ka ƙi, Allah ya ba ka tsawon rai, ya ba ka ɗa mai kama da kai.

Yayarka da ta goya ka,
Hassatu
Kabong, Jos.