Muryar Jar Akuya

Zuwa ga abokina Bulus Bakanike,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka samu makwanci mai sanyi. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. To, da kana raye ma yaushe ka taɓa karanta abin da na aiko? Ko saƙon waya ne sai ka miƙa wa matarka Rifkatu, wai hannunka duk baƙin mai. Amma abin da ke cina ba ya faɗuwa a gidanka, a kasuwar Zuba kuwa in na fara sai su ce Sale mai lemo ya soma zarewa. Shi ya sa na dawo gare ka.

Mpape tana nan yadda ka bar ta. Masu fasa dutse suna ta tashin nakiya, kwanon ɗaki yana rawa. Kankana ta shigo, lemo ya yi ƙaranci. Rifkatu ta rame, amma tana cin abinci. Sauran labarin duk na Jar Akuya ne, kuma ba daɗi.

Ka tuna yadda ka bar ta? Wannan ƙaramin tsohon babur naka ɗan Japan, wanda ka ɗauko Rifkatu a kai daga Uke tana amarya, wanda muka sa wa suna saboda ba tudun da ba ya hawa. Kafin ciwo ya kwantar da kai ka warware injin ɗinta kaf a rumfarka. Kowane ƙarfe da gwangwaninsa, ka jera su daga hagu zuwa dama yadda ka ciro su, kafireto kuma ka jiƙa shi a kwanon kalanzir. Ran da na ture gwangwani ɗaya da ƙafa, ai har yamma ba ka amsa mini magana ba.

To, ranar makokinka ina can wajen neman kujeru da rumfuna. Matan zumunta suka zo girki, suka rasa fili. Sai surukinka Yohanna, mutumin da bai san kan sifana da gindinsa ba, ya naɗe hannun riga ya ce a kwashe tarkace kafin manyan baƙi su iso. Tarkace, Bulus! Aka juye gwangwanayen nan duka a buhu ɗaya, aka kira baban bola ya ɗauka, har da yi masa godiya. Kalanzir ɗin da ka jiƙa kafireto kuwa, da shi aka hura wutar shinkafa. Ni da ke rubuta maka na ci shinkafar nan, har na nemi ƙari. Mutanen nan sun yi maka waƙa da murya mai daɗi, sun yi kuka da hawaye na gaske, amma a cikinsu ba a samu mutum ɗaya da ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa ƙarafan nan suke a jere ba?

Da baƙi suka watse, Rifkatu ta kira ni. Ta ce ba ta neman komai a wurina sai abu ɗaya, tana son ta sake jin muryar Jar Akuya a gidan nan ko sau ɗaya ne. Ta ce tun kana gindin tudu take gane ka, sai ta ɗora maka ruwan wanka, kafin ka kashe injin ya yi ɗumi. Ka san da wannan? Ni ban taɓa sani ba. Na buɗe bakin nan nawa na kasuwa na ce ta ɗauka an gama.

Gangar jikin babur ɗin ce kawai ta rage, da tanki da ƙafafu. Na kai wa wani a bakin titi mai kiran kansa Injiniya, da rigar aiki wankakkiya fes. Ni da nake gane ruɓaɓɓen abarba daga cikin mota, ban gane bakaniken da ba tabon mai a rigarsa ba. Na ce ya nemo injin irin nata. Ya ce oga, kar ka damu. Me ya yi? Ya ciro injin ɗan acaɓa ya ƙaƙaba mata, ya yanka inda bai shiga ba, ya yi walda. Ya fesa mata wani jan fenti mai ƙyalli kamar jan-bakin 'yar biki, tun daga tanki har murfinsa. Ya kawo ta ƙofar gidanka yana murmushi, ya murɗa. Bulus, injin markaɗen tattasai ya fi ta ladabi. Rifkatu ta fito ta saurara, ta gode masa, ta kawo masa ruwan sha, ta koma ɗaki ta saki labule. Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Washegari na rufe rumfata na shiga panteka, inda 'yan bola suke sauke kaya. Nan ne kawai na yi abin da na iya. Ban ce injin nake nema ba, ka san su, da sun ga idonka ya tsaya a kan abu ya zama zinariya. Na ce tsofaffin ƙarafa nake so in danne tamfol ɗin lemo. Na yi ta tona tsibi ina toshe hanci, ga ruwan kwata, ga mushen batir, ga abin da ba zan rubuta ba. Abin da ya cece ni ɗabi'ar nan taka ce da nake yi wa dariya, ta buga ɗigo uku da ƙusa a jikin kowane ƙarfe. Na ga ɗigo uku a kan silinda, sai da na zauna a ƙasa. Na samu fistin, na samu giya, na samu salansa an riga an lanƙwasa mata wuya. Kafireto ne babu.

Sai na tuna ba a buhu ya tafi ba, a kwano yake. Na je bayan rumfarka inda matan suka zubar da toka da ruwan wanke-wanke, na ari rariyar Rifkatu, na durƙusa ina tankaɗe shara kamar mai neman gari. Maƙwabta suna leƙe ta katanga. A cikin ƙasusuwan kaza da ɓawon albasa na tsince shi, shi da 'yan ƙananan kayan cikinsa. Abin da ka yi shekaru kana lallaɓawa kamar ƙwai.

Wani tsohon bakanike a Zuba ya haɗa injin, yana yi yana tsine wa mai waldar nan. Bugu na uku ta tashi. Tuf, tuf, tuf, a hankali, kamar dattijo yana gyaran murya. Na hau na nufi Mpape ina jin kaina sarki. Ban yi nisa ba ta mutu. Na huta, na buga, ta tashi, ta ɗan yi gaba, ta sake mutuwa. Haka muka yi ta yi, ni da tumbina, ina turawa 'yan acaɓa suna tambayata ko gadon kakana ne. A gindin tudunku ta mutu mutuwar da na ce shi ke nan.

Na zauna a kan dutse ina zagin Yohanna, ina zagin Injiniya, har kai sai da na taɓa. Wa ya ce ka warware injin ka tafi ka bar mutane? Sai karatun nan naka da ka ishe ni da shi a kan benci ya dawo mini: wuta, mai, iska, kar a taɓa komai sai an duba ukun nan. Na ciro fulogi na buga, ga wuta shuɗiya. Na girgiza tanki, ga mai. Na murɗe murfin tankin in leƙa, sai na ji ya ja numfashi, fuu, kamar wanda aka daɗe da shaƙe wa wuya. Ashe ɗan ramin nan na murfi, wanda iska ke shiga mai ya sauka, fentin Injiniya ya toshe shi. Duk wahalar nan saboda kwalliya! Na zaro basillar ɗinkin buhu daga aljihu na huda shi da tsininta.

Ta hau tudun nan ba tari ko ɗaya.

Na shiga gida ban ga Rifkatu a ƙofa ba. Na kashe injin na zagaya baya. Tana tsaye a gaban murhu, ga tukunya a kan wuta, tana kallonta. Hannunta ne ya riga hankalinta. Ba ta yi kuka ba, ni ma na kama kaina. Da ruwan ya yi ɗumi ta juye a bokiti, ta dubi hannayena, ta ajiye mini sabulu. Da ruwan wankanka na wanke baƙin mai, Bulus. Ka yi haƙuri, bai kamata ya huce a banza ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk tsiyar da nake yi wa babur ɗin nan, ban taɓa jin daɗin tafiya kamar a bayanka ba, kwandon lemo a cinyata, kana mini wa'azin fulogi.

Yanzu Yohanna ya ji ta tashi, ya dawo da sabuwar hula. Wai wani mai gidan abinci a Maitama yana so ya rataye ta a bango, a zuba furanni a inda injin yake, masu kuɗi su riƙa ɗaukar hoto. Abin da ya kira tarkace yau ya zama kayan tarihin dangi. Rifkatu ta ce a'a, ni kuma na ƙara da nawa. Don kar ya ɗauke ta a bayan idonmu, fulogin yana aljihuna, murfin tankin yana ƙarƙashin matashinta. Duk Lahadi in ta taso daga coci ina zuwa in tayar, in sauka gindin tudu, in hawo. Ta daina ɗora ruwa. Tana dai fitowa ƙofa.

Ka huta lafiya, abokina. Allah ya sa inda kake ba mai taɓa maka gwangwani.

Naka,
Sale mai lemo, wanda har yau ƙasan farcensa baƙi ne.