Zaren Kaset a Gonar Shinkafa

Zuwa ga Yaya Adama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake a Istanbul, sai dai takardar zamana ta ƙare, ba na yawan fita. Kada ki faɗa mata.

Maigidana tsoho ne mai tara tsofaffin finafinan ban tsoro waɗanda duniya ta manta da su. Shi da abokansa sai sun sa safar hannu suke taɓa kaset. Wai dishi-dishin hoton nan shi ne daɗin. Na ba shi labarin akwatin kaset na gidan kallon marigayi Baba a Kura, har da na dodon rijiyar nan da ya hana mu zuwa ɗibar ruwa. Ya ce ya daɗe yana nemansa, in na kawo zai tsaya mini a sabunta takardata.

Washegari kika turo hoton gonar shinkafarmu. Yaya, na gane baƙin zaren nan mai ƙyalli da ƙaninmu Lukmanu ya ja daga sanda zuwa sanda don korar tsuntsaye. Ga akwatin can a bakin ruwa, wayam.

Ban ga laifin kowa ba, ni ma da haka zan yi. Tsohon kullum sai ya tambaye ni, na kasa faɗa masa.

Inna ta sa ni a addu'a. Allah ya ba da damina mai albarka. Ki dai sanar da ni, tsuntsayen suna jin tsoronsa kuwa?

Ƙaninki,
Mudassiru